Yadda ake tsintar hankali bayan an ci amanarka

Yaro ƙarami yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. A ce masa gobe za a kawo masa abu, zai kwana yana jira. Da irin wannan zuciyar kowa ke shigowa duniya, kuma haka ya dace, domin jariri ba shi da abin dogaro sai mai riƙonsa. Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson, da ya kasa rayuwar mutum zango takwas, yarda ya sa a zangon farko, hikima a na ƙarshe. A tsakaninsu akwai ranar da kusan kowa ke iya tunawa: aboki ya karɓi bashi ya daina ɗaga waya, abokin aiki ya kai sirrinka gaban shugaba, mai alkawarin aure ya juya baya, ko ka gano cewa wanda kake gani kamar waliyyi mutum ne tara bai cika goma ba.

An ɗauka irin wannan rana da kanta take koya hankali. Ba ta koyarwa. Paul Baltes da Ursula Staudinger, a cibiyar Max Planck ta Jamus, sun shafe shekaru suna ba mutane matsalolin rayuwa masu sarƙaƙiya su warware da baki, ana ba amsoshinsu maki. Makin yana hawa da sauri daga wajen shekara 13 zuwa 25, daga nan sai ya tsaya cak, har ta kai in aka ɗauki jimillar mutane, 'yan shekara 30 da 'yan 70 kusan kunnen doki suke yi. Furfura tana zuwa ko ba a gayyace ta ba. Hankali kuwa sai an zauna an yi masa aiki.

Wanda bai yi aikin ba, ɗayan biyu ne. Ko dai ya koma ramin da aka sare shi, alhali hadisi ya ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya, ko kuma ya zama mai gudun kowane baƙin tsumma. Na biyun ya fi yawa, ya kuma fi wuyar ganewa, saboda yana kama da wayo.

Tsayar da jinin tukuna

Kwanakin farko na toshe ƙofa ne. In kuɗi ne, kar ka ƙara komai da sunan ceto na baya. Mayaudara sun san wanda ya riga ya zuba yana jin ciwon janye hannu, shi ya sa buƙatarsu ta biyu takan zo da cewa ita ce za ta fito da ta farko. In mutumin yana riƙe da makullinka, ko ya san lambar sirrin wayarka ko ta asusunka, canza su yau. Tattara saƙonni, rasidai da sunayen waɗanda aka yi abin a gabansu, ka ajiye kwafi inda hannunsa ba ya kaiwa. Kar haushi ya sa ka goge hirarku, za ka buƙace ta nan gaba kaɗan.

Sai ka kama bakinka daga rantsuwa. "Ni da taimakon wani har abada." "Ni da aure sai a lahira." Maganar da aka yi cikin zafi, in an faɗe ta gaban mutane, kunya ce ke sa a riƙe ta shekaru bayan zafin ya wuce. Ba kanka mako biyu ba ka yanke wani babban hukunci ba, in ba wanda tsira da rai ko dukiya ya tilasta ba.

A cikin makonnin nan akwai abu ɗaya da aka gwada aka ga amfaninsa. A 1986 James Pennebaker, a Amurka, ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya fi yi musu ciwo a rayuwa, minti 15 a rana, kwana huɗu a jere. Waɗanda suka haɗa abin da ya faru da yadda suka ji a ransu sun fi ƙarancin zuwa asibiti a watannin da suka biyo. Ƙa'idar ba ta da yawa: ka rubuta ba tsayawa, ba gyaran nahawu, ba don wani ya karanta ba. Ka sa ran jin nauyi a ƙirji bayan ka ajiye alƙalami, yakan wuce cikin 'yan sa'o'i. Amma in barci da cin abinci da sha'awar komai sun ɗauke fiye da mako biyu, wannan ya wuce aikin takarda, a ga likita.

Feɗe abin da ya faru

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure. Ɗauki takarda ka raba ta gida uku. A gidan farko ka jera abubuwan da suka faru da ranakunsu, tun daga haɗuwarku. A na biyu, abin da ka sani a wannan ranar. A na uku, abin da ka yi.

Gida na biyu ne mai wahala, domin ƙwaƙwalwa tana maguɗi. Kafin shugaban Amurka Nixon ya kai ziyara Sin da Tarayyar Sobiyet a 1972, Baruch Fischhoff da Ruth Beyth sun sa mutane su kintaci abubuwan da za su iya fitowa daga tafiyar. Bayan ya dawo aka ce su tuno kintacensu. Yawancinsu sai suka tuna wai sun fi ba abin da ya faru ƙarfi, fiye da yadda suka rubuta da hannunsu. Haka kai ma za ka zauna ka ce "ai tun farko na ga alama", alhali alamar yau ta zama alama. Maganin shi ne hujja mai kwanan wata. Koma kan saƙonnin da ka aika a lokacin, ka tambayi wanda ka yi wa hirar a makon, ka rubuta abin da suka nuna kaɗai.

Idan ka gama, kowane layi zai faɗa cikin ɗayan uku. Akwai inda babu wata alama ko kaɗan: mutumin gwani ne, ko kuwa shi kansa a lokacin bai yi niyyar cutarka ba. A nan ba ka da laifi, abin dubawa kawai shi ne yawan abin da ka ɗora a hannu ɗaya. Akwai inda alamar tana nan amma ba ka san karatunta ba, kamar takardar yarjejeniya da babu ranar biya a cikinta. Wannan rashin sani ne, ana gyara shi da tambayar masana. Sai na uku, inda ka gani sarai ka kau da kai. Ya ba ka labari iri biyu a kan abu ɗaya, ka ji, ka yi shiru. Wannan layin ya fi sauran daraja, kuma shi ne mutane ke tsallakewa. Tsaya a kansa ka tambayi kanka abin da kake so a lokacin har ya rufe maka ido. Kwaɗayin riba ne? Kunyar a ce ka zargi ɗan'uwa? Tsoron zama kai kaɗai? Son a ce kai mutumin kirki ne? Duk wanda ka samu, ita ce ƙofar da na gaba zai ƙwanƙwasa, ko da fuskarsa da sana'arsa ba su yi kama da na farko ba.

Lura da irin tambayar da kake yi wa kanka. Edward Watkins na jami'ar Exeter a Ingila ya nuna bambanci tsakanin tunanin "me ya sa sai ni" da tunanin "ta yaya abin ya faru, mataki bayan mataki". Na farko yana zurfafa baƙin ciki ba ya haifar da komai, na biyu yana kai mutum ga abin yi. Gwaji mai sauƙi: bayan minti 20 kana tunani, akwai sabon abin da za ka iya ƙarawa a takardar? In babu, saƙa da warwara kake yi, tashi ka kama wani aiki.

Wace ƙafa ce ta karye?

Masu nazarin amana a wuraren aiki, tun daga Mayer da Davis da Schoorman a 1995, suna raba ta ƙafa uku: iyawa, gaskiya, da son alheri gare ka. Ɗauki mutum uku da suka ci bashi ba su biya ba. Na farko ya zuba kuɗin a sana'ar da bai iya ba, ta rushe, yana ɓuya saboda kunya. Na biyu ya faɗa maka dalilin ƙarya tun ranar karɓa. Na uku yana da halin biya, bai yi maka ƙarya ba, kawai dai ya sa ka a ƙarshen layi don ya san ba za ka yi masa rashin mutunci ba. A aljihu asarar ɗaya ce. Amma na farko kana iya ba shi ajiyar sirri gobe, kuɗin juyawa ne ba za ka ba shi ba. Na biyu maganarsa ta daina zama hujja a kan komai. Na uku ana iya hulɗa da shi muddin akwai takarda da wa'adi. Wanda ya haɗa su ukun a kwando ɗaya ya yi asarar aboki a banza, ko ya bar maƙaryaci a cikin gida.

Yanzu ka rubuta darasin, jimla ɗaya, kuma girmanta ya zo daidai da girman abin da ya faru. "Mutane ba abin yarda ba ne" ba darasi ba ne, domin ba ya gaya maka abin yi ranar Talata in wani ya zo da buƙata. Darasi mai aiki yana da sharaɗi da mataki: "Duk bashin da ya wuce abin da zan iya yafewa, sai da rubutu, ranar biya da shaidu." Ba sabon abu ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ko kuwa: "In labarin mutum ya canza sau biyu, zan tambaye shi a take, ko da zai ji haushi." In darasinka ya ƙunshi kalmar "duk maza", "duk mata", "duk 'yan'uwa" ko sunan wata ƙabila, ya yi faɗi, sake yanka shi.

In ka kasa ganin lamarin fili, ja da baya. Igor Grossmann da Ethan Kross sun nuna a 2014 cewa mutane sun fi yin tunani mai hikima a kan cin amanar da aka yi wa abokinsu fiye da wadda aka yi musu, kuma tazarar tana gushewa in suka kalli tasu matsalar kamar ta wani. Sake rubuta labarin da sunanka maimakon "ni", kamar kana ba da labarin maƙwabci, sannan ka ba shi shawara. Abin yana da ban dariya a karon farko, amma yana aiki.

Fuska ba ta faɗin gaskiya

Wanda aka cuta sau ɗaya yakan ce yanzu idonsa ya buɗe, kallo ɗaya zai yi wa mutum ya gane shi. Wannan ma tarko ne. A 2006 Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara gwaje-gwaje sama da 200 a kan gane maƙaryaci daga magana da fuska. Mutane sun dace a kashi 54 cikin 100 kacal, alhali mai jefa ƙuri'a ido rufe zai samu 50. Kau da ido, in-ina da gumi ba sa tabbatar da komai, mai gaskiya mai jin kunya yana yin su duka, gwanin ƙarya kuwa ido cikin ido zai kalle ka. Shekaru ma ba sa gyara wannan. Wani bincike na jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles a 2012 ya samu cewa tsofaffi sun fi matasa ganin aminci a fuskokin da aka tantance a matsayin marasa alamar aminci.

Don haka bar fuska, dubi tsarin maganar. Ana gaggauta ka, wai damar za ta wuce yau? An ce kar ka gaya wa kowa? Tambaya mai sauƙi tana jawo fushi ko "ashe ba ka yarda da ni ba"? Abin ya zo ta hannun wanda kake jin nauyinsa, har tambaya ta zama kamar rashin kunya? Bernard Madoff, ɗan damfarar zuba jari na Amurka wanda asirinsa ya tonu a 2008 aka yanke masa ɗaurin shekara 150, ya ci kuɗin bankuna da gidauniyoyi da tsofaffin attajirai, kuma da yawansu ta hanyar aminai da 'yan'uwa suka shiga, kowa yana jingina da binciken da ya ɗauka wani ya yi. Ƙa'idar da ke maganin yawancin wannan gajera ce: duk abin da asararsa za ta girgiza ka, ka kwana biyu a kansa, ka kuma faɗa wa mutum ɗaya da ba shi da riba ko asara a ciki. Mai gaskiya zai jira kwana biyu.

Yarda hawa-hawa

Rufe ƙofa gaba ɗaya yana da tsada da ba a gani. Toshio Yamagishi na Japan ya daɗe yana nazarin wannan, ya kuma samu cewa masu kyautata zato ga mutane sun fi masu mugun zato saurin lura da bayanin da ke nuna wani ba amintacce ba ne. Dalilin a fili yake. Mai hulɗa da jama'a yana gwadawa yana ganin sakamako, wani lokaci ya ci wani lokaci a ci shi, yana ta gogewa. Mai gudun kowa ba ya taɓa sanin sau nawa ya yi kuskure, domin mutumin kirkin da ya kora ba zai dawo ya gaya masa ba.

Yadda ake yi shi ne a ba da amana mudu-mudu. Fara da abin da ɓatansa ba zai hana ka barci ba: ƙaramin aro mai ranar mayarwa, ƙaramin aiki mai wa'adi, maganar da ko ta fita ba za ta kunyata ka ba. Kalli abu biyu, ko ya cika, da kuma yadda ya yi in ya kasa. Wanda ya kira tun kafin ranar ya ce ba zai samu dama ba ya fi wanda ya cika sau uku ya ɓace a na huɗu ba bayani. Kar ka tsallake hawa saboda daɗin baki ko yawan kyauta, kuma ka sani ƙwararren mayaudari yana cika ƙananan alkawura da gangan. Alamarsa ita ce tsalle: daga ƙaramar buƙata zuwa wadda ta ninka ta sau goma ko ashirin a lokaci ɗaya. Amanar da aka gina a fanni ɗaya kuma ba ta ƙetarawa wani fannin. Mai riƙe sirri ba lalle ya iya riƙe kuɗi ba.

Batun yafiya, a rarrabe ta da mayar da amana. Yafiya tana hannunka kai kaɗai, kana iya yin ta ko mutumin bai nema ba. Mayar da amana kuwa sai da abu uku daga gare shi: ya ambaci abin da ya yi da sunansa ba tare da "amma" ba, ya gyara abin da ke gyaruwa, ya kuma yarda ya fara daga hawa na ƙasa. A gasar dabarun hulɗa da Robert Axelrod ya shirya da kwamfuta a 1980, dabarar da ta yi nasara, ta Anatol Rapoport, ita ce mafi sauƙi: fara da kirki, in an cuce ka ka mayar da martani sau ɗaya, in an dawo hanya kai ma ka dawo. Rayuwa ta fi wasan kwamfuta rikitarwa, amma abin lura ne cewa dabarun da ke fara cuta da masu riƙo har abada duk a bayanta suka ƙare.

Ajiye littafin hukunci

Gogewa tana zama ƙwarewa ne a inda sakamako ke zuwa da wuri kuma a fili, kamar tuƙi ko ɗinki. Masanan halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Gary Klein, duk da saɓanin ra'ayin da ke tsakaninsu, sun haɗu a kan wannan a 2009. Zaɓen abokin tarayya ko abokin zama ba haka yake ba, sakamakonsa yakan ɗauki shekaru, lokacin da ka manta dalilinka na farko. Shi ya sa mutum zai yi shekara 40 yana maimaita kuskure ɗaya yana kiransa gogewa.

Samu ƙaramin littafi. Kafin kowane babban hukunci rubuta layi biyar: kwanan wata, abin da ka zaɓa, dalilinka, abin da kake sa ran zai faru, da kashi nawa cikin 100 ka tabbata. Ƙara dabarar Klein: ɗauka shekara ta zagayo abin ya lalace, rubuta dalilai uku da suka lalata shi. Bayan wata shida ka buɗe. A cikin hukunci goma za ka fara ganin salonka, wataƙila duk inda ka rubuta 90 rabinsu ne suka tabbata, ko kuwa duk kuskurenka a ranakun da aka yabe ka ka yi su.

Manya, da kai kanka

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a san yadda ake tambaya. "Me zan yi?" takan jawo nasiha ta gama-gari. Ka ce masa: "Baba, ka taɓa shiga irin wannan? Me ka yi, yaya ta ƙare, me za ka canza?" Zaɓi wanda ya taɓa cewa "na yi kuskure" a gabanka, wanda kuma ke yi maka tambayoyi kafin ya ba da amsa. Dattijon da a duk labaransa shi ne mai gaskiya, girmama shi, ka kai matsalarka wani wuri.

Akwai ranar da za ka gano kuskuren iyaye ko malami. Kar ka yi gaggawar rushe duk abin da suka koya maka. Yi musu lissafin ƙafa ukun nan, sau da yawa za ka tarar iyawa ce ta gaza, son alherin yana nan daram.

Sai takarda ta ƙarshe, wadda mutane kaɗan ke cikawa. Raba ta gida uku kamar ta farko, amma a wannan karon ka ɗauki lamarin da kai ne wani ke ba da labarinka a matsayin wanda ya saɓa alkawari. Rubuta ranakun, abin da ka sani, abin da ka yi. Za ka ga uzurorin da ka ba kanka a lokacin, yadda suka yi maka kama da gaskiya, da yadda ka riƙa ɗage kiran waya saboda kunya har wata uku suka wuce. In mutumin yana raye kuma tuntuɓarsa ba za ta fama masa ciwo ba, sharuɗɗa ukun da ka gindaya wa wanda ya cuce ka su ne naka: ambaci abin da sunansa, biya abin da ke biyuwa a ranar da ka faɗa, kar kuma ka nemi ya mayar da kai matsayinka na da a zama ɗaya.